Minti 15 a Gaban Ubangiji: Shaida Kan Rayuwar Addu'a

'Yan'uwa a cikin Kristi, shaidar da zan bayar ita ce: addu'ar ɗan Katolika tana fara yin zurfi ne daga ranar da ya ware mata lokacinta, ya kuma daina ɗaga wannan lokacin saboda wani abu. Yawancinmu mun iya Ubanmu da A Gaishe Ki Maryamu tun muna yara, muna zuwa Misa ranar Lahadi, muna yin alamar gicciye kafin barci. Duk wannan alheri ne, kada kowa ya raina shi. Amma akwai ranar da mutum zai lura cewa bakinsa na tafiya, zuciyarsa kuwa tana wani wuri, sai ya ji ƙishin abin da ya fi haka. Wannan ƙishin daga Allah yake. Almajiran da suka ce wa Yesu ya koya musu addu'a a Luka 11:1 mutane ne da suka taso cikin Zabura, amma da suka ga yadda yake yi, sai suka gane akwai sauran tafiya a gabansu.

A fara da lokaci, domin a nan ne yawancin niyyoyi masu kyau suke mutuwa. Wanda ya ce zai yi addu'a idan ya sami sarari, ba zai samu ba. Zaɓi lokaci guda ɗaya tak a yini, wanda za ka iya riƙewa ranar aiki da ranar hutu. Ga yawancin mutane asuba ce ta fi, kafin gida ya tashi, kafin a taɓa waya. Markus 1:35 ya nuna Ubangiji kansa yana tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa. Mai aikin dare ko uwa mai shayarwa sai su nemi nasu lokacin, babu laifi, muddin ya zama tsayayye. Minti 15 ya isa a farko. Ƙasa da minti 10, hankali bai gama kwanciya ba lokaci ya ƙare. Wanda kuma ya ɗauki sa'a guda cur da zafin sabuwar niyya, yawanci kafin mako biyu ya ajiye, kunyar ajiyewar kuma ta hana shi komawa. Gara ka riƙe minti 15 har wata uku, sannan ka ƙara biyar.

Wuri ma ya zama ɗaya. Ɗakin da Matiyu 6:6 ya ambata yana iya zama kusurwa da kujera, da gicciye a bango, da Littafi Mai Tsarki. Ka durƙusa a farko idan gwiwa ta yarda, sannan ka zauna da baya a miƙe. Addu'a a kan gado cikin bargo barci ne ƙarshenta. Waya kuwa ta kwana a wani ɗaki, ko a kashe mata intanet. Idan a cikinta kake karanta nassin ranar, ka rubuta sura da aya tun da dare, da safe ka buɗe littafin takarda. Ka saita ƙararrawa ta buga a ƙarshen lokacin, don kada idonka ya yi ta komawa kan agogo.

Kada ka faɗa cikin magana kai tsaye. Waliyyi Ignatiyus na Loyola ya ba da shawara mutum ya tsaya taki ɗaya ko biyu daga wurin da zai yi addu'a, na tsawon faɗin Ubanmu guda, yana tuna cewa Allah yana kallonsa a yanzu. Ƙaramin abu ne, amma yana sauya komai, domin addu'ar da aka fara ba tare da sanin gaban wa ake tsaye ba takan zama mutum yana magana da kansa. Ka yi alamar gicciye a hankali, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya taimake ka. Romawa 8:26 ta faɗa a fili cewa ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne yake taimakon kasawarmu.

Sai karatu. Mafi sauƙi shi ne Bisharar Misa ta wannan ranar, domin Ikilisiya ta riga ta zaɓa maka, ba za ka ɓata lokaci kana jujjuya shafuka ba, kuma abin da kake karantawa shi ake karantawa a coci-coci a faɗin duniya. Karatun Lahadi yana zagayawa cikin shekara 3: Matiyu a shekarar A, Markus a B, Luka a C, Yohanna kuma yana shigowa musamman a lokacin azumi da na Ista. Wani ɗan zuhudu na ƙarni na 12 mai suna Gigo ya kwatanta wannan irin karatu da tsani mai matakai huɗu: karantawa, tunani a kai, yin magana da Allah, sannan hutawa a gabansa. A aikace ga yadda yake. Ka ɗauki labarin Bartimawas makaho a Markus 10:46-52, ayoyi 7 kacal. Ka karanta sau ɗaya don ka san abin da ya faru. Ka sake karantawa a hankali, leɓɓanka na motsi. A karo na biyu ko na uku wata kalma za ta riƙe ka: wataƙila yadda jama'a suka tsawata masa ya yi shiru shi kuwa ya ƙara ɗaga murya, wataƙila mayafin da ya yar, wataƙila tambayar da Yesu ya yi masa, me yake so a yi masa. Inda ta riƙe ka, nan za ka tsaya. Kada ka ce sai ka kai ƙarshen sura. Idan tambayar ce, to, kai ake tambaya yau. Me kake so? Ka amsa da gaskiya, da kalmominka na yau da kullum, ko da amsar ba ta da kyan ji. Bayan ka faɗa, ka yi shiru minti 2 ko 3. Wannan shirun shi ne ɓangaren da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi muhimmanci, don wanda ya cika hira da surutunsa ba zai ji abin da abokin hirarsa yake cewa ba.

Kuskuren masu son ilimi a nan shi ne mayar da addu'a darasi. Sun buɗe sharhi, sun bi kalma zuwa asalinta a Girkanci, lokaci ya ƙare ba su ce wa Allah komai ba. Nazari yana da kyau, a ba shi wani lokaci dabam. Kafin ka tashi, ka ɗauki ƙuduri guda ƙarami da za a iya cikawa kafin dare: wane zan kira in nemi gafararsa, wace magana zan haɗiye yau. Waliyyi Faransis na Sal yana cewa mutum ya tsinko ɗan furanni daga lambun addu'arsa ya riƙa shaƙa cikin yini, wato jimla ɗaya da zai riƙa komawa gare ta yana aiki.

Hankali zai watse, wannan babu makawa. Da ka zauna sai bashi, da maganar da aka yaɓa maka jiya, da abin da ka manta ka saya, duk su yi sahu. Katekisim, wato littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya kira addu'a yaƙi, kuma a sakin layi na 2729 ya ce bin bayan waɗannan tunane-tunane don a kore su faɗawa tarkonsu ne. Abin da ake bukata kawai a juyo da zuciya. Ka lura ka tafi, ka dawo kan ayar ba tare da zagin kai ba. Ko sau 20 ka yi haka cikin minti 15, sau 20 ka zaɓi Allah. Amma a bambanta iri biyu. Ƙananan abubuwa na tunatarwa, ka ajiye takarda kusa, ka rubuta kalma ɗaya, ka ci gaba. Tunanin da yake dawowa kullum da nauyi, kamar fushi da wani ko tsoro a kan ɗa, wannan ka daina korarsa. Shi ne abin da ke zuciyarka, shi ya kamata ka shimfiɗa a gaban Ubangiji. Game da gyangyaɗi, Waliyya Tereza ta Lisiyo, wadda ta rasu a 1897, ta sha yin barci a lokacin addu'a, ta kuma ta'azantar da kanta da cewa iyaye suna ƙaunar 'ya'yansu suna barci kamar yadda suke ƙaunarsu a farke. Duk da haka, wanda yake kwanciya ƙarfe ɗaya na dare ya san maganin gyangyaɗinsa. Addu'ar safe tun daren jiya ake shirya ta.

Rosari ina ƙaunarsa, kuma ina jin zafin yadda ake gudu da shi. Carbin yana da ƙwayoyi 59, zagaye ɗaya ya ƙunshi Ubanmu 6 da A Gaishe Ki Maryamu 53, kuma idan an yi shi da natsuwa yakan ɗauki kusan minti 20. Asirai su ne al'amuran rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunani a kansu: Asiran Farin Ciki na Litinin da Asabar ne, na Baƙin Ciki Talata da Juma'a, na Ɗaukaka Laraba da Lahadi, na Haske kuma, waɗanda Paparoma Yohanna Bulus na II ya gabatar a 2002, ranar Alhamis. Kalmomin da ake maimaitawa aikinsu su riƙe baki da yatsu, don zuciya ta sami damar kallon Yesu tare da mahaifiyarsa. Idan aka ambaci asiri da baki aka wuce ba a kalle shi ba, an bar Rosarin ba rai. Gyaran mai sauƙi ne: ka faɗi asirin, ka karanta aya ɗaya ko biyu da ta shafe shi, ka yi shiru na numfashi uku, sannan ka fara. Paparoman nan ya kuma tuna da wata tsohuwar hanya ta ƙara 'yar jimla bayan sunan Yesu a kowace gaisuwa, misali Yesu wanda aka yi wa bulala dominmu. Gwada wannan a asiran Baƙin Ciki, za ka ga gudu ya gagara. Ranar da lokaci ya ƙure, goma ɗaya, wato A Gaishe Ki Maryamu goma na asiri guda, da aka yi da zuciya ta wadatar.

Da dare akwai binciken zuciya na Ignatiyus, minti 10, kuma yadda aka jera shi yana da dalili. Godiya ce farko: abubuwa takamaimai na wannan yini, uku ko huɗu, da sunansu. Sannan roƙon haske don ka ga yinin yadda Allah ya gan shi. Sannan ka bi sa'o'in tun daga tashi, kana duba tunani da magana da aiki. Sai neman gafara, sai ƙudurin gobe da taimakon alherinsa, a rufe da Ubanmu. Wanda ya tsallake godiya ya faɗa kan lissafin zunubi, bayan 'yan makonni zai ƙi jinin wannan addu'ar, domin ta zama kotun da kullum shi ake yanke wa hukunci. Masu yawan waswasi, waɗanda suke ganin zunubi a ko'ina, su taƙaita mataki na uku, su kuma bi abin da Fada, limamin da yake jin furcin zunubansu, ya faɗa musu ba tare da sake tonawa ba.

Yanzu ga abin da ya fi kowanne kayar da mutane. Watannin farko sau da yawa suna da daɗi: aya tana taɓa zuciya, hawaye na zuwa, mutum yana ɗokin gari ya waye. Daga baya sai komai ya bushe. Ka karanta nassi kamar kana tauna ƙaiƙayi, ka yi magana kamar da bango. A nan ne da yawa suke cewa sun yi kuskure ko Allah ya juya musu baya, su daina. Waliyya Tereza ta Abila, wadda ta rayu daga 1515 zuwa 1582, ta kwatanta rai da lambu da ake shayarwa ta hanya huɗu: jan ruwa da guga daga rijiya, na'urar juya ruwa mai rage wahala, rafi da ke ratsa lambun, da ruwan sama wanda mai lambu bai yi komai a kansa ba. Mafari mai guga ne, kuma wani lokaci zai zura gugar ta fito ba ko ɗigo. Ita kanta ta shafe shekaru da yawa cikin wannan hali, ba ta iya fara addu'a sai da littafi a hannu, wasu ranakun tana jiran agogo ya buga. Shawararta ita ce a ci gaba da zura guga, domin lambun na Ubangiji ne, kuma yana ganin mai aikin.

Idan bushewa ta zo, a bincika dalilai na kusa tukuna. Barci ya isa? Jiki lafiya? Akwai zunubin da ake ɓoyewa ba a kai shi wurin furci ba? Akwai wanda aka ƙi yafe wa? Matiyu 5:23-24 ya ce a bar baiko a gaban bagadi a je a shirya da ɗan'uwa tukuna, kuma gaba da aka riƙe tana toshe addu'a fiye da yadda muke so mu yarda. Ko kuwa an cika yini da kallo da sauraro har babu sauran wurin shiru a kai? Waɗannan duka suna da gyara. Idan baƙin cikin ya mamaye komai, abinci ba daɗi, barci ya lalace, aiki ya gagara har makonni, a ga likita tare da ci gaba da addu'a. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

Idan an duba duk wannan ba a sami komai ba, dokar Ignatiyus ita ce kada a sauya ƙudurin da aka ɗauka lokacin haske a cikin lokacin duhu. Har ya ce idan zuciya tana matsa maka ka rage lokacin, ka ƙara ɗan kaɗan a kai. Minti 15 ya zama 16. Waliyyi Yohanna na Gicciye kuma ya ba da alamu uku da suke nuna cewa bushewar aikin Allah ce, yana yaye rai daga dogaro ga daɗin ji: mutum ba ya samun daɗi a abubuwan Allah, haka ma a abubuwan duniya, yana cikin damuwa cewa ba ya bauta wa Allah yadda ya kamata, tunaninsa na komawa gare shi, kuma ya kasa yin tunani mataki-mataki kamar da. Idan ukun sun haɗu, tilasta wa kai tsohuwar hanya wahala ce kawai. Abin yi shi ne zama shiru a gabansa da ƙauna, da kalma ɗaya idan ana bukata, ko sunan Yesu kaɗai. Amma kada mutum ya yanke wa kansa wannan hukunci shi kaɗai, domin kasala ma tana iya sa wannan rigar. A kai maganar wurin Fada ko wani mai ja-gorar ruhaniya da ya san hanyar, a riƙa ganinsa kamar sau ɗaya a wata.

Addu'ar ɗaki ba ta tsayawa da ƙafarta idan aka raba ta da sakramenti. Dokar Ikilisiya ta ce a kame daga abinci da abin sha sa'a guda kafin karɓar Jikin Kristi, ban da ruwa da magani, kuma a furta manyan zunubai aƙalla sau ɗaya a shekara. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Mai neman zurfi zai ga amfanin furci kowane wata, kuma binciken zuciya na dare ya riga ya shirya masa abin da zai faɗa, ba sai ya tsaya a layi yana lalube ba. Ka isa coci minti 10 kafin Misa, ka karanta Bisharar tun a gida, bayan an sallami jama'a ka ƙara minti 5 kana godiya. Inda ake buɗe coci don sujada a gaban Sakramenti Mai Albarka, wato Jikin Kristi, ka ɗauki sa'a guda a mako, kana tuna tambayar da Yesu ya yi wa Bitrus a Getsamani a Matiyu 26:40, ko ba su iya yin tsaro tare da shi sa'a ɗaya ba. Idan sa'ar ta yi tsawo, ka raba ta: kashi ɗaya sujada da Zabura, ɗaya Bishara, ɗaya roƙo domin wasu, na ƙarshe shiru.

Akwai sauran taska da yawa. Addu'ar Mala'ika da ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma ba ta kai minti 3 ba, tana kuma tsinka yini gida uku. Addu'ar Sa'o'i, wadda limamai da 'yan zuhudu suke yi kullum, a buɗe take ga kowa: Zabura a zagayen mako 4, waƙar Zakariya da safe, ta Maryamu da yamma, ta Saminu kafin barci. Akwai carbin Jinƙan Allah da ake yi da ƙarfe 3 na rana. Gargaɗina shi ne kada a tara su duka. Mutum yakan ji wani ya yaba wata nobena, wato addu'ar kwana tara, ya ɗauka, ya ji wata ya ƙara, har ya wayi gari da jerin bashin addu'o'i da yake biya da gudu, babu sauran wurin shiru. Idan za ka ƙara sabuwa, ka jira wadda kake yi ta zauna daram, kuma ka yarda ka ajiye wadda ta zama nauyi kawai.

Roƙo domin mutane yana bukatar ɗan littafi. Mukan ce wa mutum za mu sa shi a addu'a, mu manta kafin mu kai gida, wannan kuwa alkawari ne da aka karya. Ka rubuta suna da kwanan wata, ka raba sunayen bisa ranakun mako don kada jerin ya fi ƙarfinka, ka saka har da wanda ya ɓata maka rai. Wasu roƙe-roƙen za a amsa su yadda ka nema, wasu ba haka ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu a 2 Korintiyawa 12:9 ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Mai addu'a yana da izinin yin kuka da tambaya, Zabura cike take da su, Zabura 13 da 88 misali ne, kuma ana iya karanta su a ranar da bakin mutum ya rasa nasa kalmomin.

Idan kana so ka san ko addu'arka tana tafiya, kada ka auna da abin da ka ji a cikin minti 15 ɗin. Ka duba bayan wata shida: harshenka a gida, saurin yafiyarka, yadda kake bi da wanda ba shi da abin da zai ba ka, abubuwan da Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa. Sau da yawa mutanen gidanka za su riga ka gani. Kuma za a yi ranakun da za ka rasa, tafiya ko ciwo ko sakaci zalla, wani lokaci mako guda cur. Kada ka ce sai ka rama abin da ya wuce, kada kuma ka jira farkon wata ko lokacin azumi. Daren da ka tuna, ka rubuta sura da ayar gobe, ka ajiye littafin a kan kujera, ka saita ƙararrawa.